Ta Leƙo Ta Koma: Yadda Magoya Bayan Buffalo Ke Haɗiye Takaici

Ranar Lahadi 21 ga Janairun 2024, lokacin da dare ya riga ya raba a nan Nijeriya kuma yawancinku na barcin shirin makarantar Litinin, mutum kusan 70,000 sun tsaya cak cikin sanyi a wani filin wasa da ke gefen birnin Buffalo na Amurka, sun zuba wa mutum ɗaya ido. Sunansa Tyler Bass, kuma ba shi da wani aiki a ƙungiyar sai bugun ƙwallo da ƙafa. Ƙungiyarsa, Buffalo Bills, na da maki 24, baƙinsu Kansas City Chiefs na da 27, saura ƙasa da minti biyu a tashi. Idan ya buga daga nisan yadi 44 ƙwallon ta ratsa tsakanin turaku biyu, an yi kunnen doki. Ya ja da baya, ya taho, ya buga. Ƙwallon ta tashi kamar za ta shiga, sai ta kauce ta wuce ta hannun dama.

Shi ke nan, kakar wasan Buffalo ta ƙare. Kafin gari ya waye, saƙonnin zagi da na barazana sun yi wa Bass yawa har ya rufe shafukansa na sada zumunta. Amma cikin 'yan kwanaki kuma sai ga dubban ɗaruruwan daloli sun kwararo wa wani gidan kula da kyanwoyi, da sunansa. Masu zagin da masu kyautar duk kallon wasa ɗaya suka yi. Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an san wasan, an kuma san garin.

Ƙwallon ƙafa da ake yi da hannu

Amurkawa na kiran wasan ƙwallon ƙafa, amma mu da muka saba da Firimiya da Kano Pillars za mu ce zari-ruga ce, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa. Masu kai hari na da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci, a sabunta musu dama huɗu; in sun gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa ya samu maki 6, daga nan ya zaɓi bugun ƙafa mai maki 1 ko sake kai hari mai maki 2. Idan hari ya cije, sai a kira irin su Bass su buga daga nesa a samu maki 3. Faɗin turakun bai kai na ragar ƙwallon ƙafa ba, kuma dole ƙwallon ta bi ta saman sandar da ke kwance.

Gasar ana kiran ta NFL, ƙungiyoyi 32 ne, kuma ga inda ta bambanta da wadda kuka sani: a Firimiya kowace ƙungiya na buga wasa 38, wadda ta fi maki ta ɗauki kofi. A NFL wasa 17 kacal ake yi daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan ƙungiyoyi 14 su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Babu gida da waje, babu “ma rama a mako mai zuwa”. Ka sha kashi sau ɗaya, sai ka jira har Satumba. Biyun da suka rage su ke haɗuwa a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl a watan Fabrairu. Shi ya sa kuskuren daƙiƙa ɗaya a Janairu kan bi ɗan wasa har tsufansa.

Garin da ya je wasan ƙarshe sau huɗu a jere

Buffalo na jihar New York, kusa da iyakar Kanada da magangarar ruwan Niagara. Mutanen cikin birnin ba su kai 300,000 ba, wato ƙaramin gari ne in aka kwatanta da mazaunin yawancin ƙungiyoyin gasar. A da garin masana'antun ƙarfe ne, suka durƙushe, mutane da yawa suka yi ƙaura. Abin da aka fi sanin sa da shi yanzu shi ne dusar ƙanƙara da kuma Bills.

Ranar 27 ga Janairun 1991 Bills ta buga Super Bowl ɗinta na farko da New York Giants. Saura daƙiƙa 8, Giants na da 20, Bills na da 19. Aka kira mai bugu Scott Norwood daga yadi 47. Ƙwallon ta wuce ta hannun dama. Wannan ne dalilin da ya sa bugun Bass ya yi wa mutanen garin ciwo biyu: shekara 33 bayan haka, sai ga abu iri ɗaya, ta gefe ɗaya.

Abin da ya faru washegari shi ne dattawan garin ke ba jikokinsu labari. Dubban mutane sun taru a dandalin Niagara da ke gaban sakatariyar birnin don tarbar ƙungiyar da ta dawo hannu rabbana. Norwood ya raɓe a baya don kunya. Sai taron ya ɗauki kiran sunansa, ba su daina ba sai da ya fito gaba ya yi magana idonsa cike da hawaye.

Bills ta sake zuwa wasan ƙarshe a 1992, Washington ta doke ta 37 da 24. Ta koma a 1993, Dallas ta lallasa ta 52 da 17. Ta koma a 1994, Dallas ta sake cinye ta 30 da 13. Babu wata ƙungiya da ta taɓa zuwa Super Bowl sau huɗu a jere sai ita, kuma ba ta ɗauko ko ɗaya ba. A wasan 1993 akwai abin da magoya bayan suka riƙe har yau. An riga an yi musu kaca-kaca, sai wani ƙaton ɗan wasan Dallas, Leon Lett, ya tsinci ƙwallo ya ruga, ya fara murna tun kafin ya isa layi. Ɗan wasan Bills Don Beebe ya biyo shi a guje daga can nesa, ya kaɓe ƙwallon daga hannunsa. Hakan bai sauya sakamako ba ko kaɗan, amma a Buffalo ana tuna gudun Beebe fiye da makin wasan.

Daga nan sai fari ya sauka. Daga kakar 2000 zuwa ta 2016, kaka 17 cur, Bills ba ta ko leƙa zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Yaron da aka haifa a farkon farin ya kusa gama sakandare bai taɓa ganin ƙungiyar garinsu a wannan zagaye ba.

Dala 17

Farin ya yanke ne ranar 31 ga Disambar 2017, kuma ba ɗan wasan Bills ne ya yanke shi ba. Bills ta ci wasanta a Miami, amma ba za ta haye ba sai in Baltimore Ravens ta sha kashi a hannun Cincinnati Bengals, ƙungiyar da ta riga ta fita, ba ta da abin da take nema. Saura ƙasa da minti ɗaya, a dama ta huɗu ta ƙarshe, mai jefa ƙwallon Bengals Andy Dalton ya cilla wa Tyler Boyd, shi kuma ya ruga har gida. Bengals 31, Ravens 27. 'Yan wasan Bills da ke kallo a talabijin a ɗakin sauya kaya suka ɓarke da ihu.

Magoya baya suka rasa yadda za su gode wa Dalton. Sai aka gano yana da gidauniya mai taimakon yara masu fama da rashin lafiya mai tsanani da iyalansu. Aka fara tura dala 17, dala ɗaya ga kowace kakar fari. Cikin kwanaki kaɗan kuɗin ya haura dala 300,000. Ku lura, ba wani attajiri ne ya zuba ba. Dubban talakawa ne, kowa da 'yar 17 ɗinsa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Magoya bayan, waɗanda ke kiran kansu Bills Mafia cikin raha, suka mayar da lambobi harshen magana. A Nuwambar 2020 kakar Josh Allen, madugun ƙungiyar mai jefa ƙwallo, ta rasu. Lambar rigarsa 17, don haka aka riƙa tura dala 17 ga asibitin yara na Oishei da ke Buffalo har kuɗin ya wuce dala miliyan ɗaya, aka raɗa wa wani sashen asibitin sunanta, Patricia Allen. A Janairun 2021 Bills ta fitar da Ravens da ci 17 da 3, kuma tauraron Ravens Lamar Jackson ya bugu a kai, bai ƙarasa wasan ba. Maimakon su yi masa dariya, magoya bayan Bills suka tura dala 8, lambar rigarsa, ga wata ƙungiya da yake tallafa wa, mai ba ɗalibai marasa galihu abincin ƙarshen mako.

Daƙiƙa 13

In kuna neman wasa ɗaya da za ku kalla don ku gane me ke haukata Amurkawa a wannan gasa, ku nemi na 23 ga Janairun 2022, Bills da Chiefs a Kansas City. A kakar nan ma akwai haifaffen Nijeriya a cikin 'yan wasan Bills, Efe Obada, wanda ya taso a Landan. A minti biyun ƙarshe kaɗai ƙungiyoyin biyu sun ci maki 25. Allen ya jefa wa Gabriel Davis ƙwallon da ya kai gida karo na huɗu a daren, Bills ta shige gaba 36 da 33. Agogo ya nuna saura daƙiƙa 13. A gidajen Buffalo an fara rungume juna.

Patrick Mahomes na Chiefs ya jefa ƙwallo sau biyu, ya cinye yadi 44. Mai bugunsu Harrison Butker ya buga daga yadi 49, ta shiga. Aka tafi ƙarin lokaci, aka jefa kwabo don zaɓen wanda zai fara, Chiefs ta dace. A dokar lokacin, in wanda ya fara ya kai ƙwallo gida, wasa ya ƙare nan take. Haka kuwa aka yi: 42 da 36. Allen, wanda ya yi wasan da ba a taɓa ganin ya yi irinsa ba, yana zaune a benci, bai sake taɓa ƙwallo ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Surutun da ya biyo baya bai tsaya a Buffalo ba. Masu kallo a duk faɗin ƙasar suka ce ba adalci ba ne kwabo ya raba gardama irin wannan. Wata biyu bayan haka, a Maris na 2022, masu ƙungiyoyin suka sauya doka: a zagayen sili-ɗaya-ƙwale dole kowane ɓangare ya samu damar riƙe ƙwallo a ƙarin lokaci. Magoya bayan Chiefs kuwa suka ari al'adar abokan hamayyarsu, suka riƙa tura dala 13 ga asibitin Oishei har ya haura dala 300,000. Ni dai har yau ban yanke ba ko wannan lamba jaje ce ko tsokana. Asibitin bai tsaya tambaya ba, ya karɓa ya yi godiya.

Shekara guda bayan haka, ranar 2 ga Janairun 2023, ɗan wasan Bills Damar Hamlin ya faɗi a fili a Cincinnati, zuciyarsa ta tsaya. Ma'aikatan lafiya suka farfaɗo da shi a nan take, aka soke wasan. Yana da wani ƙaramin asusun saya wa yaran unguwarsu kayan wasa, wanda ya buɗe da burin tara dala 2,500. A wannan karo magoya bayan kowace ƙungiya ne suka zuba, kuɗin ya wuce dala miliyan 8. Hamlin ya warke, ya koma wasa.

Ba waliyyai ba ne

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka mutanen Buffalo sun fi kowa hali. Su ne kuma aka sani da hawa kan mota a wajen filin wasa su diro a kan tebur mai naɗewa don ya karye, wauta ce da ta sha jikkata mutane. A daren bugun Bass wasu sun jefi 'yan wasan Chiefs da dunƙulen ƙanƙara. Mako guda kafin nan kuwa, da guguwar dusar ƙanƙara ta sa aka ɗage wasansu da Pittsburgh Steelers daga Lahadi zuwa Litinin, su ne suka fito da shebur suna kwashe ƙanƙara daga kujeru, ƙungiyar na biyan su dala 20 a awa. Mutanen dai su ne ba su sauya ba.

Zagin da aka yi wa Bass ba baƙon abu ba ne gare ku. Kun tuna ranar 11 ga Yulin 2021, da Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka suka ɓarar da bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasan ƙarshe na Ingila da Italiya, da irin kalaman wariyar launin fata da aka tura musu. Saka yana da shekara 19 a lokacin, bai girmi wasu 'yan ajin ƙarshe da komai ba. Bambancin zamanin Norwood da na Bass shi ne waya. A 1991 mai jin haushi sai dai ya yi ta faɗa a falonsa, ko ya zauna ya rubuta wasiƙa, kafin ya sayo kan sarki ya huce. Yanzu kafin ɗan wasa ya cire takalmi, saƙon ya riga shi isa aljihunsa.

Akwai kuma caca. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, kuma jihar New York ta fara ta waya a Janairun 2022, 'yan wasa da dama sun koka cewa wani kaso na masu zaginsu ba ƙungiya suke kishi ba, kuɗinsu ne ya nutse. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo kusa da mai riƙe da tikitin caca ya san bambancin ihunsa da na sauran.

Da labarin rufe shafukan Bass ya bazu, sai wani gidan ceto da renon kyanwoyi na yankin, Ten Lives Club, wanda Bass ya taɓa taimaka wa wajen tallata aikinsa, ya fito ya kare shi. Lambar rigarsa 2, sai aka tsayar da dala 22. Magoya bayan Bills suka fara, na Chiefs suka shigo, kuɗin ya wuce dala 250,000. Za a iya cewa kyautar ba ta goge saƙonnin da ya riga ya karanta ba, kuma gaskiya ne. Amma ta nuna masa, ta kuma nuna wa masu zagin, wane ɓangare ne ya fi yawa.

“Bana tamu ce”

Duk Satumba gardama ɗaya ake yi a gidajen rediyon Buffalo da wuraren shan shayinsu. Wani ɓangare na cewa muddin Allen na da ƙafa da hannu, kofi na nan tafe, haƙuri kawai ake buƙata. Wani ɓangaren na cewa shekarun ƙarfin ɗan wasa ƙidayayyu ne a wasan da ake karo da jiki irin wannan, kuma kowace kaka da ta wuce an ci ɗaya daga ciki. Su ne ke neman a sauya masu horarwa, a sayo masu tsaron baya. Hausawa sun ce sa rai ga ci shi ke kawo jin yunwa. A shekarun fari babu wanda ya kwana da ciwon zuciya a Janairu, domin ba a sa ran komai ba. Zafin ya dawo ne da ƙungiyar ta gyaru.

Janairun 2025 ya ba kowane ɓangare hujja. Ranar 19 ga wata Bills ta fitar da Ravens da 27 da 25, bayan da Mark Andrews, ɗaya daga cikin amintattun 'yan wasan Ravens, ya saki ƙwallon maki 2 da za ta kawo kunnen doki. Ƙwallon ta taɓa ƙirjinsa ta zame. Zagi ya taso masa, irin wanda Bass ya sha. Andrews na da ciwon suga tun yana yaro, sai magoya bayan Bills, waɗanda kuskurensa ya amfana, suka tara fiye da dala 100,000 ga wata ƙungiya mai binciken irin ciwonsa.

Mako guda bayan haka, wasa ɗaya ya rage tsakaninsu da Super Bowl, kuma Chiefs ce dai a gaba. Aka tashi 32 da 29, karo na huɗu ke nan cikin shekara biyar da Chiefs ke yin waje da su. An yi kwanaki ana maimaita hoton wani yunƙuri da Allen ya yi na cin yadi ɗaya, wanda alƙalan wasa suka ce bai kai layi ba, magoya baya kuma suka rantse ya kai. Bayan kwana 11 aka ba Allen kyautar gwarzon ɗan wasan gasar na kakar.

Shi kuwa Bass, ƙungiyar ba ta sallame shi ba bayan wancan dare. Ya fara kakar da ta biyo baya da tangal-tangal, har wasu suka sake kiran a nemo wani. Ranar 3 ga Nuwambar 2024, a filin nan dai da ya ɓarar da ta yadi 44, Bills da Miami Dolphins na 27 da 27, saura 'yan daƙiƙoƙi. Aka kira shi daga yadi 61, nisan da babu wani ɗan wasan Bills da ya taɓa ci daga gare shi. Ya buga, ƙwallon ta ratsa tsakanin turaku, aka tashi 30 da 27, abokan wasansa suka yi masa caa a tsakiyar fili.